Yadda Ake Aikin Sa Kai a Gidan Kiwon Halittun Teku na Bincike

Gidan kiwon halittun teku na bincike ba ya kama da wanda ake yankar tikiti a shiga kallo. Galibi ɗaki ne mai danshi, tankuna jere a kan kanta, bututu ta ko'ina, famfuna na gurnani ba dare ba rana. Kowane tanki yana da mai shi, wato wani mai bincike da ke jiran amsar wata tambaya daga halittar da ke ciki. A cibiyar nazarin halittun teku ta Plymouth da ke Ingila ne Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka yi aiki da jijiyar sikwid, wata dabbar teku mai laushin jiki da hannaye da yawa, har suka gano yadda saƙo ke tafiya a cikin jijiya, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1963. Kafin su sa hannu a gwajin, sai da wasu suka kamo dabbar suka kawo musu ita lafiya.

Abin da ake so daga ɗan sa kai shi ne ido mai lura da hannu mai tsayawa a kan ƙa'ida. Idan an rubuta a katin tanki cewa zafin ruwa digiri 18 ne, abinci sau ɗaya a kwana biyu, to haka za ka yi, ko da a ganinka dabbar na jin yunwa. Wataƙila yunwar ce ake gwadawa. Tausayin da ba a nema ba ya sha rusa aikin wata shida.

Kayan da ake buƙata

Na kanka: rambut mai tafin da ba ya santsi, tufafin da ba ka jin asararsu domin ruwan gishiri da bilic suna cin kaya, doguwar safar hannu wadda ba a barbaɗa wa hoda ba, gilashin kare ido, ƙaramar tocila, da fensir da ɗan littafi. Fensir aka ce, saboda tawadar biro tana malalewa da zarar takarda ta jiƙe. Ka tabbata kana da allurar rigakafin tetanus.

Na cibiya, waɗanda za ka tarar a can amma dole ka san su:

- ma'aunin zafin ruwa
- rifraktomita, wato ma'aunin gishiri da ake ɗiga wa ruwa a leƙa
- mitar pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da mitar iskar oksijin
- kwalaben gwajin amoniya, naitirait da naitiret
- siririn tiyo na zuƙo datti, da bokitai masu alama
- ragar kamu, da sosan goge bangon tanki
- dogon hantsaki da sirinji na ba da abinci
- ƙaramin sikeli mai auna giram
- littafin rajista ko kwamfutar da ake shigar da bayanai

1. Neman gurbi da makon farko

Galibin irin waɗannan wurare suna bakin teku ne. Tsofaffin cikinsu sun haɗa da tashar nazarin dabbobi ta Napoli a Italiya da aka kafa a 1872, da ta Woods Hole a Amurka da aka buɗe a 1888. A Najeriya akwai cibiyar binciken teku ta tarayya, NIOMR, a Legas. Ɗalibin nazarin halittu ko kiwon kifi da ke neman horon aiki, ko wanda karatu ya kai shi wani gari na bakin teku, sai ya rubuta wa shugaban sashen tankuna kai tsaye, a taƙaice: ga abin da na karanta, ga ranakun da nake da sarari, ga tsawon watannin da zan iya. Sun fi son wanda zai zo kowace Talata har wata shida a kan wanda zai zo kullum na mako biyu ya ɓace, domin horar da sabon mutum na cin lokacin ma'aikata. Idan akwai lokacin da ba za ka samu ba, kamar azahar ta Juma'a, ka faɗa tun farko a tsara rabon abinci da saninsa.

Wanda ya taɓa kiwon tarwada yana da ɗan jari, ya san warin ruwan da ya lalace, ya san kifin da ya ƙi ci. Amma ya sani cewa tarwada na iya haɗiyar iska daga sama, ta jure ruwan da zai kashe yawancin halittun teku cikin awa kaɗan.

A makon farko, ka bi ruwa da ƙafarka. Daga ina yake shigowa, ina yake bi, ina yake fita? Tsari iri biyu ne. Akwai wanda ake jawo ruwa daga teku ya ratsa tankuna ya fice. Akwai wanda ruwa ɗaya ke zagayawa: ya gangara tankin ƙasa, ya bi ta matatar datti, ta na'urar kumfa mai kwashe dauɗa, ta matatar bakteriya, wani lokaci ta fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya koma. Ka zana taswirar da hannunka, ka sa alama a kowane makunnin bututu. Kada ka murɗa wanda ba a nuna maka ba.

2. Kafin ka sa hannu a ruwa

Ka cire zobe, agogo da awarwaro, musamman na tagulla. Tagulla ko kaɗan ce a ruwa tana kashe jatan lande, kaguwa, murjani (rayayyun halittun da ke manne a duwatsun teku) da sauran marasa ƙashin baya. Ranar aiki ba a shafa mai, turare ko maganin sauro a hannu. Ka wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla, ka ɗauraye sosai. Mai mayafi ko hijabi ta soke shi ciki yadda ba zai tsoma a tanki ko ya shiga famfo ba.

A ƙofar ɗaki za ka ga tire mai ruwan magani, ka taka shi da ƙafa biyu shiga da fita. Kowane rukunin tankuna yana da ragarsa da tiyonsa da bokitinsa. Ɗaukar ragar wannan a tsoma a wancan shi ne hanya mafi sauri ta yaɗa cuta, kuma sababbi kan yi shi don gudun ɗan tattaki. Idan akwai rauni a hannunka, safar hannu dole ce, domin akwai ƙwayar cuta mai suna Mycobacterium marinum da ke shiga ta yanka, ta haifar da ƙurji mai taurin kai bayan makonni. In ka ga irinsa, ka gaya wa likita cewa kana aiki da ruwan kifi.

3. Zagayen safe

Kafin awo, kafin abinci, ka zagaya ɗakin duka hannu a baya. Kunne na farko: famfon da ya canza murya, ko shirun da bai kamata ba. Sai ƙasa, ko akwai ruwa kwance. Sai hanci. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta ruwan da ya tsaya ya ruɓe a wani bututu ko ƙarƙashin yashi.

Daga nan ka bi tanki ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na shiga? Kumfar iska na tashi? Tsayin ruwa yana kan layinsa? Murfi a rufe? Ka ƙirga dabbobin, ka gwada da adadin da ke kati. In ɗaya ya ɓace, ka haska bayan duwatsu, bakin magudana da ƙasan kanta. Sannan ka tsaya ka kalli halinsu na minti ɗaya ko biyu ba tare da ka ƙwanƙwasa gilashi ba. Abin da kake nema: kifin da ke numfashi da sauri ko ya taru a saman ruwa, wanda ke goga jiki a dutse, wanda ya manne fukafukansa, fararen ɗigo a fata, ido mai hazo, murjanin da ya ƙi buɗewa, tauraron teku da jikinsa ya saki ko ya yi farin tabo. Sai ka san yadda lafiyayyen yake sannan za ka gane marar lafiya, shi ya sa kallon nan na kullum ya fi kowane littafi amfani.

4. Awon ruwa

Nan ne zuciyar aikin. Adadin da ke kati shi ke gaba da komai, amma ga abin da aka saba gani:

- Zafi: digiri 24 zuwa 26 ga halittun teku mai ɗumi, 10 zuwa 15 ga na teku mai sanyi irin na arewacin Turai
- Gishiri: kusan giram 35 a kowace lita, wato 35 a rifraktomita, ko 1.026 a ɗaya layin ma'aunin, mai nuna nauyin ruwa
- pH: 8.0 zuwa 8.3
- Oksijin: miligiram 6 a lita ko sama
- Amoniya da naitirait: sifili
- Naitiret: ƙasa da miligiram 20 a lita ga kifi, ƙasa da haka sosai ga murjani
- A tankin murjani ana ƙara duba kalsiyam, miligiram 400 zuwa 450 a lita, da ƙarfin ruwa na hana pH faɗuwa, 7 zuwa 11 a ma'aunin da ake kira dKH

Zafi, gishiri, pH da oksijin kullum ake aunawa, sauran sau ɗaya ko biyu a mako, sai dai in tanki sabo ne. Ka riƙa awo a lokaci ɗaya kowace rana, domin pH kan sauka da dare ya hau da rana idan akwai tsiro a tankin. Awon ƙarfe 8 na safe da na ƙarfe 4 na yamma ba za a gwama su ba.

Abin da ya kamata ka fahimta game da amoniya kaɗan ne. Dabba na fitar da ita ta numfashi da kashi, ragowar abinci ma na ruɓewa ya zama ita. Wasu bakteriya da ke zaune a matata suna mayar da ita naitirait, wasu su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda gubarsa ba ta kai ta biyun farko ba, kuma canjin ruwa ke rage shi. Sabuwar matata kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin bakteriyar su kafu. Amoniya ta fi guba idan pH da zafi suna sama, ruwan teku kuwa pH ɗinsa a sama yake, don haka adadin da kifin rafi zai jure yana iya yin kisa a nan. Sunayen naitirait da naitiret sun yi kama, kwalabensu ma haka. Ka karanta rubutun kwalba kowane karo.

Kurakuran awo sanannu ne. Rifraktomita na kaucewa, sai an daidaita shi da ruwan gwaji mai gishiri 35 aƙalla sau ɗaya a mako, a goge gilashinsa da ruwa marar gishiri bayan kowane amfani. Bakin mitar pH ba a barinsa ya bushe, cikin ruwan ajiyarsa yake kwana. Kwalbar gwaji a ɗauraye ta sau 3 da ruwan tankin da za a auna, a riƙe kwalbar magani a tsaye yayin ɗigawa, a jira mintunan da aka rubuta cif, a duba launi a hasken rana a kan farar takarda. In adadi ya zo maka da ban mamaki, ka sake awo da sabuwar kwalba. In ya maimaita, ka rubuta shi yadda yake ka kira ma'aikaci. Kada ka rubuta adadin jiya don ya fi kyan gani, kada kuma ka zuba wani magani da niyyar gyara.

Idan mitar oksijin ta lalace, akwai gwajin ɗigo da ke maye gurbinta. In babu rifraktomita, haidiromita mai yawo a ruwa zai yi, amma zafin ruwa na shafar karatunsa, sai a duba takardarsa.

5. Cike gurbin ruwan da ya ƙafe, da haɗa sabo

Ruwa na tashi ya bar gishiri a baya. Miyar da ta daɗe a wuta gishirinta ƙaruwa yake, mai girki kuma ruwa take ƙarawa. Haka ma tanki: abin da ya ƙafe ana mayar da shi da ruwa marar gishiri, wanda aka tace da na'urar RO mai cire gishiri da sinadarai daga ruwa, a zuba a hankali a tankin ƙasa kusa da famfo, ba a kan dabba ba. Ruwan gishiri ana zuba shi ne kawai a madadin wanda ka kwashe da hannunka. Wanda ya gauraya waɗannan biyu zai ga gishiri na hawa a hankali har 38 ko 40 bai san dalili ba.

Inda ba a jawo ruwa daga teku, haɗa shi ake yi da garin gishirin da aka yi don wannan aiki. Gishirin girki ba ya yi, ba shi da kalsiyam da magnisiyam da sauran sinadaran. Ka cika durom na roba da ruwan RO tukuna, ka kunna famfon motsawa, sannan ka riƙa barbaɗa gishirin kaɗan-kaɗan, kimanin kilo 3.5 zuwa 4 ga lita 100. In ka zuba ruwa a kan tarin gishiri, kalsiyam zai daskare ya zama farin gari da ba ya narkewa. Ka bar shi yana motsi ya kwana, ka auna gishiri da zafi da pH, ka daidaita su da na tankin da zai shiga. In babu ruwan RO, sai wanda aka tace da tururi. Ruwan famfo kuwa sai da izinin ma'aikaci, bayan an kashe kilorin ɗin da ke ciki, kuma bai dace da murjani ba.

6. Abinci

Yawan abinci ya fi ƙarancinsa kisa a tanki. Ka auna da sikeli abin da kati ya ce, kada ka kimanta da ido.

Daskararren abinci, kifi ne ko jatan lande ko sikwid, ana fitar da na gobe tun yau a sa a firji cikin rufaffen mazubi ya narke a sanyin da bai wuce digiri 4 ba. Ba a narkar da shi da ruwan zafi, ba a barinsa a kan tebur, abin da ya narke kuma ba ya komawa firiza. Ka tsiyaye ruwansa kafin ka bayar, domin wannan ruwan taki ne ga gansakuka. Ka yanka daidai bakin mai ci. Wasu kifayen abinci, irin su herin, suna ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, shi ya sa za ka ga ana cusa ƙwayar bitamin a cikin yanka kafin a ba manyan kifaye. In an ce a sa, kada ka tsallake.

Wajen bayarwa, ka zuba kaɗan ka ga an cinye kafin ka ƙara. Ka lura da wanda ke cin rabon wasu da wanda ke raɓewa a lungu. Masu jinkiri, kamar animoni (halitta mai kama da fure da ke manne a dutse) da tauraron teku, ana kai musu har baki da hantsaki ko sirinji. Bayan minti 20 zuwa 30 ka kwashe abin da ya rage, ka rubuta nawa aka ci. Ƙin cin abinci shi ne alamar farko ta yawancin matsaloli.

Akwai aikin da kusan kowane ɗan sa kai ke gada, wato ƙyanƙyasar atimiya, wasu ƙananan jatan lande na tafkin gishiri da ake ciyar da jelifish (halitta mai laushi mai siffar lema), jariran kifi da murjani da su. Ƙwansu busasshe yake zuwa a gwangwani kamar garin ƙasa. Ga yadda ake yi:

Ka cika mazubi mai tsinin gindi da ruwa mai gishiri 25 zuwa 30, zafi 26 zuwa 28. Ka zuba giram 1 zuwa 2 na ƙwai a kowace lita. Ka saka tiyon iska har can ƙasan tsinin, ba tare da dutsen kumfa ba, iska ta riƙa juya ƙwan kada ya kwanta. Ka kunna fitila a kai. Bayan awa 18 zuwa 24 ka cire iskar, ka rufe saman mazubin, ka haska ƙasansa na minti 10. Jariran na bin haske, za su taru a ƙasa kamar jan hayaƙi, ɓawon da ya fashe ya taso sama, ƙwan da bai fashe ba ya kwanta can ƙarshen tsini. Ka zubar da ɗigon farko, ka tsiyayo jariran a kan rariya mai ƙofa maikiron 100 zuwa 125 (maikiron 1000 ne milimita ɗaya), ka ɗauraye su da ruwan teku mai tsabta. Ka tsaya kafin ɓawo ya iso, domin yana toshe cikin ƙananan dabbobi. A ba da su cikin awa kaɗan, tun ba su cinye gwaiduwar da ke jikinsu ba. In za su daɗe, a sa su a firji da ɗan iska, ko a ciyar da su ruwan ƙarin kuzari da cibiya ke amfani da shi. In babu mazubin musamman, gorar lemo ta lita 1.5 da aka yanke gindinta aka kifa tana yi sarai. Idan ƙyanƙyasa ta yi rauni, ka fara zargin gwangwanin da aka bari a buɗe ya sha danshi, sai iskar da ba ta da ƙarfi, sai mazubin da ba a wanke da kyau ba.

7. Shara da canjin ruwa

Ka fara da kashe na'urar ɗumama ruwa. In ruwa ya sauka ya bar ta a fili tana aiki, za ta ƙone ko ta fashe. Ka goge bangon tanki tukuna, datti ya kwanta, sannan ka zuƙe. Ka tambaya ko tankin gilashi ne ko akirilik, wato roba mai kama da gilashi, domin akirilik na karcewa da ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a soso. Sabulu ba ya kusantar komai a ɗakin nan.

Tiyo ba a zuƙarsa da baki. Ka nutsar da shi duka a ruwa ya cika, ka toshe baki ɗaya da babban yatsa, ka kai shi bokiti a ƙasa ka saki. Ka zuƙe cikin bokiti, ba cikin magudana kai tsaye ba, don in wata ƙaramar halitta ta biyo ka gan ta. Ana canza kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a mako, sai in kati ya faɗi wani abu daban. Sabon ruwa ya shiga a hankali. Muddin tiyo na cika tanki, kada ka bar wurin ko na minti ɗaya. Yawancin ambaliyar ɗakin tankuna daga "bari in je in dawo" take.

Soson matatar datti ana wanke shi sau da yawa. Duwatsu ko robobin matatar bakteriya kuwa ba a wanke su da ruwan famfo, kilorin zai kashe bakteriyar, amoniya ta tashi bayan kwana biyu. A girgiza su a hankali cikin ruwan da aka kwashe daga tankin, rabi yau, rabi wani makon. Kofin na'urar kumfa a zubar a goge wuyansa kullum ko bayan kwana biyu.

Kayan aiki ana jiƙa su a ruwan maganin da cibiya ta tanada. In babu, mililita 4 na bilic mai ƙarfin kashi 5 a kowace lita ya isa, na awa 1, amma wanda ba a sa wa ƙamshi ba. A ɗauraye, a kashe ragowar kilorin da sodiyam tayosalfet, a shanya su bushe ƙayau. Kafin ka tashi ka mayar da duk abin da ka kashe, ka tsaya har ka ga ruwa ya koma gudu. In ka ga ƙananan kumfa kamar hazo na fitowa daga bututun shigowa, ka ba da rahoto nan take. Famfo na shaƙar iska ta wata kafa ke nan, kuma iskar da ta narke fiye da kima tana yin kumfa a jinin kifi.

8. Sababbin zuwa

Duk halittar da aka kawo sai ta zauna a ɗakin killacewa, galibi kwana 30 ko fiye, da kayan aikinta daban. Ɗakin killacewa shi ne na ƙarshe a zagayenka, daga can ba a komawa babban ɗaki.

Wajen saukarwa, ka rage haske, ka ɗora jakar a rufe a kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita. Sai ka juye a bokiti, ka ɗaura ƙulli a siririn tiyo yadda ruwan tanki zai riƙa ɗiga sau 2 zuwa 4 a daƙiƙa, har ruwan bokitin ya ninka sau biyu ko uku, kimanin awa 1. Ka ɗauke dabbar kaɗai, ruwan jakar a zubar. Akwai togaciya ga waɗanda suka kwana a hanya: amoniya ta taru a jakar, da an buɗe pH zai hau gubarta ta ƙaru, don haka ma'aikata kan gaggauta. Wannan hukuncinsu ne, ka tambaya. Soso na teku ba a fitar da shi iska ko kaɗan, tauraron teku da bushiyar teku ma an fi so a ɗauke su cikin kofi a ƙarƙashin ruwa maimakon raga.

9. Masu buƙatar kulawa ta daban

Oktofus, mai hannu takwas, yana iya matsewa ya fice ta duk ramin da ɗan ƙaƙƙarfan bakinsa zai wuce, yana kuma ɗaga murfi. Ka duba maƙullan murfinsa sau biyu, da ragar bakin magudana. In ya fesa tawada, a kwashe ta a canza ruwa da wuri. A Tarayyar Turai dokar kare dabbobin gwaji ta 2010 ta haɗa da shi da danginsa, don haka akwai abubuwan da mai lasisi kaɗai zai yi masa. Jelifish ana ajiye shi a tanki mai zagaye da ruwa ke juyawa a hankali, kuma kumfar iska in ta maƙale a ƙarƙashin lemarsa tana huda ta.

Akwai masu cutarwa. Kifin zaki da wasu kifaye masu ƙaya suna da dafi, kuma taimakon farko shi ne tsoma wurin a ruwa mai zafi da fata za ta jure, digiri 40 zuwa 45, na rabin awa ko fiye, sannan asibiti. Wasu murjani masu laushi na jinsin Palythoa suna da guba mai tsanani, ba a taɓa su sai da safar hannu da gilashin ido, ba a kuma zuba wa dutsensu tafasasshen ruwa, domin tururin na cutar da duk wanda ke ɗakin. Duk tankin da aka liƙa wa jar alama, kada ka buɗe shi kai kaɗai. Wutar lantarki ma ta shiga lissafi: ruwan gishiri na ɗaukar wuta sosai, ka bushe hannu kafin ka taɓa soket, in ka ji ɗan tsikari a ruwa ka janye ka faɗa.

10. Idan abu ya ɓaci

Dabbar da ta mutu ba a jefar da ita. Ka kira ma'aikaci, ka rubuta lokaci da lambar tanki, ka ɗebi ruwan tankin a kwalba, ka ɗauki hoto. A sa gawar a leda mai suna a firji. Firiza na farfasa naman yadda ba za a iya dubawa da madubin likita ba, sai in mai binciken ne ya ce a daskarar.

In wuta ta ɗauke kuma janareto bai kama ba, oksijin ne abin gudu na farko. Ruwan teku mai zafin digiri 25 bai riƙe fiye da miligiram 7 a lita ko ya ƙoshi, alhali ruwan rafi na riƙe sama da 8, saboda haka tazarar da ke tsakaninsa da miligiram 6 da ake buƙata kaɗan ce. Ka fara da tankin da ya fi cunkoso. Ka sa famfon iska mai batir, in babu ka riƙa ɗiban ruwa da jug kana kwararo shi daga sama duk bayan mintuna kaɗan. A dakatar da abinci gaba ɗaya. A tankin ruwan sanyi, a sa gorunan ƙanƙara a rufe su yi yawo a ciki, kada a zuba ƙanƙarar tsirara. In tsayawar ta kai awa da yawa, ruwan da ya kwanta a matata da bututu ya riga ya lalace, a zubar da shi waje kafin a mayar da zagaye, sannan a auna amoniya kullum har mako guda.

11. Rajista da miƙa aiki

Ka rubuta a lokacin da ka yi abu, ba da yamma daga ka ba. Kwanan wata, lokaci, lambar tanki, adadi tare da ma'auninsa, da harufan sunanka. Ka rubuta abin da ido ya gani. "Kifi 2 daga cikin 12 ba su ci ba, ɗaya na goga gefen hagu a dutse" ya fi "da sauƙi" amfani ga mai bincike. In ka yi kuskuren rubutu, ka ja layi ɗaya a kai ka rubuta daidai a gefe, ba a gogewa. In kuskuren aiki ne, kamar ba da abinci sau biyu ko mance famfo a kashe, ka shigar da shi da lokacinsa, domin mai bincike zai iya ware bayanan wannan rana ne kawai idan ya san abin da ya faru.

Kafin ka fita ka sake zagaye ɗaya: murafu a rufe, ruwa na gudu a kowane tanki, na'urorin ɗumama da sanyaya a kunne, tiyo a naɗe, abincin gobe a firji, atimiyar gobe a kan iska. Abin da ba ka gama ba ka faɗa wa mai karɓar aiki baki da baki, sannan ka rubuta shi a allon ƙofa.